Bishiyar she-oak, ina ne asalinta kuma za ta yi a gonata?

Tambaya: Malam akwai wata doguwar bishiya mai ganye siri-siri, idan iska ta kaɗa sai ka ji tana fito, an ce min sunanta she-oak. Daga ina take, kuma za ta tare min iska a gonata a Katsina?

Amsa: Ɗan'uwa, wadda kake nufi masana suna kiranta Casuarina equisetifolia. 'Yar bakin teku ce, asalinta gaɓar arewaci da gabashin Ostiraliya da kudu maso gabashin Asiya da tsibiran Fasifik, a can kan rairayi tsantsa take fitowa dab da ruwa, wurin da gishiri da iska suke hana yawancin itatuwa sakat.

Abin da kake gani fa ba ganye ba ne, ƙananan rassa ne koraye. Ka ja ɗaya ka gani, gaɓa-gaɓa yake cirewa, kuma a kowace gaɓa akwai wasu 'yan haƙora kamar 6 zuwa 8, to su ne ainihin ganyen, shi ya sa ba ta asarar ruwa sosai. Saiwarta kuma tana zama da wata ƙwayar bakteriya mai suna Frankia da ke kamo mata naitirojin, wato sinadarin taki, daga iska, irin yadda wake da gyaɗa suke yi, don haka ko ƙasar babu taki tana iya kai mita 30.

A Senegal, inda suke ce mata filao, tun 1948 aka fara dasa ta daga Dakar zuwa Saint-Louis don ta tsayar da tudun rairayi kada ya binne lambunan Niayes, wato yankin fadamu da ke kusa da gaɓar tekun, kuma ta yi aikin. Amma can akwai raɓar teku, ga ruwan ƙasa ba nisa.

Gaskiya ni ba zan ba ka shawarar ta a tudu ba. Ranin Katsina ya yi mata tsawo, sai da ban ruwa, ga gara tana cin dashen tun yana ƙarami. In gonar fadama ce ko rijiya ba zurfi to bismillah, ka jera ta a bakin iyaka, kar ka kuskura ka sa ta tsakiyar gona domin abin da take zubarwa yana taruwa ya hana shuka tsiro a ƙarƙashinta, a Fulorida ta Amurka har an haramta dasa ta saboda mamaya. Icenta dai akwai ci da wuta, gawayinta ma mai kyau ne. In tudu ne, darbejiya ko bagaruwa sun fi maka, gawo kuma ka bar shi a cikin gonar.