Abin da za ka riƙe a shekarar farko ta karatun kasuwanci

Ɗana, ka tambaye ni jiya bayan mun rufe ofis ko ya kamata ka bi karatun akanta da gudanar da kasuwanci, ko kuwa ka nufi lissafin inshora wanda Faransawa ke kira aktuwariya, tunda ka ci bak kuma za ka shiga jami'a. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar zaɓi, domin a shekarar farko tushen karatun biyu ɗaya ne, kuma a kan tushen nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe.

Akanta yana rubuta abin da ya riga ya faru, kamar buhunan da suka shiga sito, kuɗin da suka fita da bashin da ake bin mutane. Masanin lissafin inshora kuwa yana sa wa abin da bai faru ba farashi. A ce masu babur 1,000 sun haɗu, kuma bisa abin da aka gani a baya ana sa ran babura 30 za su salwanta a shekara, kowanne kuɗinsa sefa 500,000. Asarar ta kama sefa miliyan 15, wato idan kowa ya zuba 15,000 an rufe ta, kafin a ƙara kuɗin gudanar da aiki da ajiyar shekarar da asara za ta wuce ƙima. Wahalar aikin tana wajen gano wannan 30 ɗin, kuma shi ya sa ake buƙatar ƙididdiga da lissafin yiwuwa. Tun a 1693 Edmond Halley ya tsara jadawalin tsawon rai daga rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau, kuma irin wannan jadawali ake amfani da shi har yau wajen lissafin fansho.

Saboda haka lissafi shi ne abin da za ka fara kamawa da hannu biyu. Kada ka bari darasi ɗaya ya wuce ka ba ka warware tambayoyinsa a takarda ba, domin kallon malami yana warwarewa a allo yakan sa mutum ya ɗauka ya iya, sai ranar jarrabawa ya gane bai iya ba. Ka ƙware musamman a lissafin kuɗin ruwa mai haihuwa, wato wanda ake haɗa ruwan kowace shekara da uwar kuɗi shi ma ya jawo ruwa. Sefa miliyan ɗaya a kan kashi 10 cikin 100 na shekara 5 yana zama 1,500,000 idan ruwan ba ya haihuwa, amma yana zama 1,610,510 idan yana haihuwa, kuma daga wannan ɗan bambanci aka gina lissafin rance, fansho da inshorar rai gaba ɗaya. Na san a garin nan da an ambaci kuɗin ruwa mutane sukan ɓata fuska, kuma suna da hujjarsu ta addini. Sai dai wanda bai iya lissafinsa ba ba zai iya nuna wa maigidansa nawa banki zai caje shi ba, kuma ko takaful, inshorar da aka tsara bisa shari'a, da wannan lissafin na yiwuwa take aiki.

Rubutun asusu mai fuska biyu kuwa ka riga ka taɓa shi a nan, ko da yake ba ka san sunansa na makaranta ba. Luca Pacioli ya bayyana shi a rubuce a Venis a 1494, kuma ƙa'idar ba ta canza ba: duk abin da ya shiga wani asusu daga wani asusun ya fito. A Nijar da tsarin rubutun asusu na SYSCOHADA muke aiki, wanda ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, suke bi, kuma sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018. Ka haddace rukunonin asusu tun a watan farko, ka san 3 kayan sito ne, 4 masu bashi da waɗanda ake bi, 5 tsabar kuɗi da banki, 6 abin da aka kashe, 7 abin da aka samu. Ka yi su da biro kafin ka koma kwamfuta, sannan ka koyi Excel sosai, domin babu ofishin da za ka shiga ba a tambaye ka shi ba.

Darasin tattalin arziki shi ne wanda ɗalibai suke rainawa, kuma ni ma na raina shi har ya koya mini hankali. A Janairun 1994 ina riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi, ana bin sa bashin kaya da faran na Faransa, ban taɓa gaya masa ya gaggauta biya ba. Aka wayi gari an karya darajar sefa, faran ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, bashin ya ninka a dare ɗaya. Yau sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 (kusan 656) kowane yuro ɗaya, amma naira ba ta ɗaure da komai, kuma kai ma ka ga yadda mai sayo kaya ta Jibiya da Ɗan Isa yake lissafa riba da safe, canji ya cinye ta da yamma.

Tsarin jami'a shekara 3 ne zuwa lisansi, zango 6, kowane zango da kiredi 30, wato makin da ake tarawa idan an ci darussa, kuma darasin da ka bari a baya yana bin ka kamar bashi. Karatun tattalin arziki da gudanarwa akwai shi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar Tawa. Idan bayan shekara biyu ka ga ƙididdiga ta zauna maka, sai ka fara duba cibiyar koyon inshora ta Yawunde, wadda take horar da ma'aikata ga ƙasashen CIMA, ƙungiyar da ke kula da harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, ka kuma gyara Turancinka, domin littattafan fannin da yawa da shi aka rubuta su.

Duk hutu ina so ka dawo nan ka zauna a teburinka. Gobe ma ka zo da wuri, akwai littafin mai sayar da gyaɗa da ya ƙi daidaita da sefa 27,000, kuma kai nake so ka gano inda suka ɓuya.