Tambaya da Amsa: Bututun sabon bayi

Tambaya: Salam Malam, ina Tudun Wada Gusau, zan ƙara bayi guda 2 na zama a gidana, filamba ya ce a haɗa su da tsohon bututu kawai a wuce wurin. Dan Allah hakan ba matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a zuba kankare ka sa a tono tsohon bututun a gani, in faɗinsa bai kai inci 4 ba kar ma a fara. Gangarar bututun ita ce maganar, wajen santimita 2 a kowace mita 1, in ta yi kaɗan ƙazanta ta kwanta, kuma wallahi nan masu aikin gaggawa suke cutar mutane don da ido suke aunawa. Kwana mai kaifi kuma toshewa take kawowa, gara elbo (mahaɗin bututu mai lanƙwasa) 2 masu digiri 45, a gina camba, wato ɗan ramin dubawa mai murfi, inda bututun suka haɗu saboda ranar da za a zura sanda a buɗe toshewa. Bututun iska ya wuce saman kwano in ba haka ba wari ya dawo ɗaki. In akwai rijiya a gidan, sokawe ya yi nesa da ita, mita 30 in fili ya bari.