Ina maƙeran Takedda suka samo gawayi?

Ɗana, ka ce ka ji labarin tsofaffin maƙeru a cikin Sahara, kana tambaya yadda aka narka ƙarfe a ƙasar da ba itace. Tambayar maƙeri ka yi, don duk wanda ya taɓa riƙe zuga-zugi ya san wuta ce ke cin kuɗin ƙira.

A yammacin Agadas, a Nijar, akwai kufai da ake kira Azelik. Masana da yawa sun ce shi ne Takedda, garin jan ƙarfe da Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya sauka a 1353. Ya ba da labarin cewa ana haƙo ƙarfen a bayan gari, a narka shi a cikin gidaje, a zuba shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ake bayarwa a kan miskalin zinariya, sirara kuwa 600 zuwa 700. To ga amsarka: da siraran nan ake sayen nama da itacen wuta. Itace sayensa ake yi, da ƙarfen da itacen kansa ya narka. Bakin hamada ne wurin, akwai ƙorama da itatuwan ƙaya, amma ba su kai a yi almubazzaranci ba.

Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000. Mai ƙarancin gawayi dole ya matse wutarsa, ya daidaita iska, ya narka kaɗan-kaɗan. Ina ganin shi ya sa a Marandet, kudu da Agadas, aka tono dubban 'yan tukwanen narka ƙarfe, dukkansu ƙanana. Wannan aikin gwanaye ne, kuma ina jin ciwo in na ji ana raina shi.

Abin da ya sa suka jure wahalar kuwa, hanya ce. Ayari na ɗaukar jan ƙarfen Takedda zuwa Gobir da Barno. Wani ƙarfen ma daga arewa yake ƙetaro hamada: a 1964, a Ma'den Ijafen ta Muritaniya, an gano kayan wani ayari da aka binne a rairayi, sandunan tagulla fiye da 2,000 tare da wuri.

In Allah ya kai ka irin wuraren nan, ka duba kashin maƙera da ke warwatse a ƙasa. Nauyinsa da launinsa za su nuna maka ko wutarsu ta kai. Amma kada ka ɗauko ko guntu, masu bincike na buƙatar ganinsa a inda yake.