Me ya sa man aduwa yake riga man kaɗe lalacewa?

Tambaya: Daga Talata Mafara nake. Ina fasa ƙwallon aduwa in tatsi mai, amma ba ya daɗewa sai warinsa ya sauya, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Man kaɗen da ake kawo mini daga Zuru kuwa yana nan garau. Mene ne dalili?

Amsa: Hajiya, aikinki ba shi da laifi, halittar man ce ta bambanta. Kowane mai haɗin sinadaran maiƙo ne iri-iri. A man kaɗe, kashi 85 zuwa 90 cikin 100 sinadarai biyu ne, siteyarik da oleyik, kuma iska ba ta saurin cin su. Siteyarik ɗin ne ma yake sa shi daskarewa. Ƙwayar aduwa kuwa, wadda kusan rabinta mai ne, tana da linoleyik sama da kashi 30. Shi wannan sinadari, jikin mutum ba ya iya ƙera shi, sai an ci a abinci, saboda haka man naki abinci ne mai daraja. Sai dai linoleyik ba ya jure iska. Da zarar oksijin da ke cikin iska ta kama shi sai ya fara farfashewa, daga nan wari da maƙaƙin suke fitowa.

Allah ya sanya wa ƙwayar mai tsaronta: bitamin E da danginsa, masu hana oksijin saurin lalata man. Amma ƙarewa suke yi. Rana na cinye su, zafin wuta na cinye su, haka ma tsatsar gwangwani. Nan ne nake jin takaicin yadda ake jera kwalaben mai a rana a kasuwanninmu tun safe har la'asar.

Ki busar da ƙwayar sosai, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna. Kada suya ta kai ga ƙonewa, kuma ki bari ruwa ya ƙone ƙarƙaf kafin ki sauke man. Ki zuba a kwalba mai duhu, ki cika ta har wuya, ki toshe, ki ajiye a inuwa. Gara ƙananan kwalabe da babbar jarka da ake buɗewa kullum. Wanda ya riga ya sauya wari kada a ci, a yi sabulu da shi.