Amsa kan shan gyaɗar ƙamshi a madara saboda barci

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce an ba ki shawarar daka gyaɗar ƙamshi guda sukutum ki zuba a madara kowane dare saboda rashin barci da kumburin ciki, kina tambaya ko daidai ne. A'a, guda ta yi yawa ƙwarai, kada ki soma.

Ƙwaya ɗaya babba takan kai giram 5, kuma daga wannan nauyin ne take komawa guba. A cikin man da ke jikinta akwai sinadarin miristisin, wanda yake taɓa ƙwaƙwalwa idan ya yi yawa. Matsalar ita ce ba ya nunawa nan take, sai bayan awa 3 zuwa 8. Mutum ya sha, ya ji shiru, ya ƙara. Can cikin dare baki ya bushe ƙamas, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga jiri da amai da tsoro marar dalili, wani har gane-gane yake yi, mutanen gida su ɗauka iskokai ne. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya saki mutum. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti, a faɗa wa likita abin da ya sha da yawansa.

Abin da ya dace shi ne ɗan abin da yatsu biyu za su tsinko, kada ya wuce kwatan ƙaramin cokalin shayi a rana, wato kusan rabin giram. Ki ɗumama madarar, ki sauke, sannan ki goga ƙwayar a magogi sau biyu ko uku a kai, ki rufe kofin na minti biyar. Kada ki tafasa su tare, man nata tashi yake yi da tururi, ki tashi da ɗaci ba ƙamshi.

Maganar amfani kuwa, ana zuzuta shi fiye da kima. Tun da daɗewa ana amfani da ita don sakin iskar ciki da rage nauyin abinci, wannan sananne ne. Na barci, yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, ba a kan mutane ba, kuma a ganina ɗumin madarar da ajiye waya da wuri suna da nasu kaso a ciki. Ba ta maganin hawan jini ko ciwon suga, kada kowa ya ajiye magungunansa saboda ita. Idan rashin barcin ya wuce wata guda, ko kumburin ya haɗa da rama ko baƙin bahaya, likita za ki gani.

Mai juna biyu da mai shayarwa su tsaya a ɗan abin da ake sawa a cincin, kek ko fanke. Jariri ba a ɗura masa ita sam, ko da sunan tsayar da zawo ne, ruwan gishiri da sukari da kuma maganin zinki ne nasa. Mai shan maganin barci ko na taɓin ƙwaƙwalwa ya tambayi likitansa tukuna.

A kasuwa ki sayi ƙwaya maimakon gari, don garin yakan sane cikin watanni, ana kuma yi masa algus. Ki zaɓi mai nauyi, marar huji, wadda idan kin soka mata allura za ki ga ɗan maiƙo. Mai huji ko fumfuna a jiki ki jefar, irin wannan rumar tana fitar da gubar da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ki lura kada a haɗa ki da gyaɗar miya ta farfesu, mai ɗan tsawo da ɓawo mai santsi, itacensu ma daban ne. Ki ajiye gyaɗar ƙamshin a kwalba mai murfi, nesa da murhu da damshi, za ta yi shekaru ba ta sane ba.