Re: Masu maganin Nabaho gado suke yi ko koyo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu maganin ƙabilar Nabaho ta Amurka gado suke yi ko koyo. Gaskiya koyon ya fi yawa. Mai maganin sunansa hataałii, wato mawaƙi, yakan zauna gaban dattijo, sau tari kakansa ko kawunsa, ya yi shekaru yana haddace waƙoƙi da addu'o'i da zanen yashi (hotunan da ake yi a ƙasa da yashi mai launi a bikin warkar da mara lafiya), dukansu da ka, kuma biyan malamin yake har da tumaki. Wani bikin warkarwar dare tara ake yi, shi yasa da yawansu biki ɗaya ko biyu kawai suke ƙwarewa. Masu gano cuta ta hanyar karkarwar hannunsu kuwa daban suke, su baiwa ce take zo musu.