Makirufon dala 400 ko na dala 100: wanne ya dace da shagon ɗaukar murya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tura karatu da wa'azi a waya a nan Kano, kuma mutane sun yawaita tambayata ko ina ɗaukar tallar murya, irin ta makarantu da masu shadda da masu maganin gargajiya. Na yanke shawarar in ware ƙuryar shagon in mai da ita ɗakin ɗauka. Abin da na tara, da na kai wa ɗan canji a Wapa ya buga mini lissafi, ya kama kamar dala 600. Kwamfuta ina da ita. Wani yaro ya ce in sayi makirufon Shure SM7B kawai in huta, wai da shi manya ke aiki. Wani kuma ya ce SM58 ko PodMic sun ishe ni. Na saurari gwaji a YouTube har kaina ya ɗaure. Da gaske bambancin sautin ya kai bambancin kuɗin?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Bambancin sauti akwai shi, amma a kunnen masu kawo maka aiki bai kai dala 300 da ke tsakaninsu ba. Da jarin da ke hannunka, kada ka fara da SM7B. A Amurka kuɗinsa wajen dala 400 ne, kuma shi kaɗai ba ya aiki, sai an haɗa shi da akwatin da ke kai sauti kwamfuta, wanda 'yan sutudiyo ke kira saunkad. Mai kyau mai kafa biyu wajen dala 200 ne. Ka ga jarin ya ƙare ke nan, ba ka sayi abin sauraro na kunne ba, ba mariƙi, ba kebul, ba ka taɓa bangon ɗaki ba. Farashin can ne ma nake faɗa maka. Kafin kaya su iso Alaba ko Sabon Gari an ɗora musu kuɗin dako da na kwastan da ribar dillali.

Duk waɗannan da aka ambata maka dangi ɗaya ne, ana ce musu dainamik. A cikinsu akwai tantani da aka manna wa nannaɗaɗɗiyar waya a tsakiyar maganaɗisu. Murya ta kaɗa tantanin, wayar ta motsa, sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan. Ba sa buƙatar batir, suna jure zafi da ƙura da faɗuwa, shi ya sa suka fi wani dangin makirufo da ake kira kondensa dacewa da shago a bakin titi. Sai dai 'yar wutar nan da suke fitarwa ba ta da yawa, kuma a nan ne ake yawan tafka asara.

SM58 tun 1966 yake kasuwa, kuɗinsa wajen dala 100. An yi shi don a riƙe a hannu a kan dandamali, don haka an rage masa kaurin ƙasa, an ɗaga masa sautin da ke wajen haz 5,000 (haz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne), inda baƙaƙen magana suke fitowa fili. Muryar da aka ɗauka da shi tana ratsa hayaniya, tana fita tangaran a ƙaramar rediyo. Aibinsa, idan mai magana ya manna baki a raga sai muryar ta toshe, ta zama kamar daga cikin tulu. Rode PodMic shi ma kusan kuɗinsu ɗaya, ya fi kaifi, kaurinsa kaɗan ne. Yana yi wa mai katon murya kyau, amma mai siririyar murya ko mai yawan furta "s" da ƙarfi, sai ka ji tana sukar kunne. Nauyinsa ya kusa kilo ɗaya, mariƙi mai arha ba ya iya ɗaukarsa, sai ya riƙa sunkuyawa ana cikin ɗauka.

SM7B kuwa, wanda ya fito a 2001, abin da ake biya wa kuɗi shi ne laushi. Samansa ba ya suka, ƙasansa cike yake, kuma an tura tantaninsa ciki nesa da raga, ga soso mai kauri, don haka iskar baki ba ta cika dukansa ba. Yana da kariya daga ƙugin wutar lantarki, da maɓallai biyu a bayansa, ɗaya na rage kauri, ɗaya na ƙara fitowar murya. Mai sauraron karatu na awa biyu da abin kunne zai ji daɗinsa. Amma yana da ci: kamfanin da kansa ya ce a ba shi ƙarin ƙarfi na desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Akwatin Focusrite Scarlett zubi na uku iyakarsa 56, samfurin Scarlett 2i2 zubi na huɗu ya kai 69. Idan akwatinka bai kai ba, za ka murɗa maɓalli har ƙarshe, sai "shuuu" ya cika bayan muryar, daga nan a ce maka sai ka ƙara Cloudlifter, wata 'yar na'ura ta wajen dala 150 mai ƙara kusan desibel 25, wadda ita ma sai an kunna mata wutar bolt 48 daga akwatin. Yaron da ya ce ka saya ka huta bai faɗa maka wannan ba.

Akwai wani da ba a ambata maka ba, Electro-Voice RE20, tsohon makirufon gidajen rediyo tun 1968, ya ɗan ɗara SM7B tsada. Sauran duk muryarsu kan yi kauri idan an matso, ta sirance idan an ja da baya. Shi an ƙera shi ta yadda wannan canjin ba ya yin yawa. Ga malamin da ke duba littafi, ya ɗago, ya waiga, ya koma, babu kamarsa. Ka riƙe sunansa zuwa gaba. Ta ɓangaren arha kuma akwai Behringer XM8500 na wajen dala 25, wanda sautinsa bai yi nisa da SM58 ba sai dai yana jin motsin hannu, da Samson Q2U mai kafar USB da ta XLR (wadda ake haɗawa da akwati) duka. Q2U ya dace da mai ɗaukar murya ɗaya, amma haɗa biyu ta USB a kwamfuta ɗaya ciwon kai ne.

Abin da ya ɗaure maka kai a YouTube shi ne, yawancin gwajin ba a daidaita ƙarfin sauti ba. Kunnen ɗan Adam, duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, ko da desibel ɗaya ne. SM58 ya fi SM7B fitar da wuta da kusan desibel huɗu da rabi, don haka idan aka bar maɓalli wuri ɗaya, gwajin ya lalace tun kafin a fara. Ga shi kuma da Turanci suke gwadawa, a ɗakin da aka kashe wa kuɗi. Kai da Hausa za ka ci abinci, kuma Hausa tana da nata wurin kama makirufo. "Ƙ" da "ts" da ƙarfi suke fashewa daga baki, makirufo mai kaifi sai ya mai da su kamar ana karya kara. "F" ɗin Bakano da leɓe biyu ake yin ta, tana hura iska kai tsaye, ita ce ke jawo "buf" ɗin nan da ke ɓata talla. "Ɓ" da "ɗ" kuma, idan kauri ya yi yawa, sai su narke su koma kamar "b" da "d".

To ka yi naka gwajin. Ka ari makirufon ko ka yi hayarsu na yini ɗaya daga masu kayan sauti na biki, ko ka sa sharaɗin gwaji a cikin ciniki. A ɗakinka za a yi, ba a shagon mai sayarwa ba, kuma a lokacin da kasuwa ta fi hayaniya, janareton maƙwabci na kunne. Ka samo mutum biyu, namiji mai kaurin murya da mace, domin tallar makaranta da ta kayan mata sau da yawa mace ke karantawa. Kowa ya karanta rubutu ɗaya na daƙiƙa 30 a kowane makirufo, tazarar yatsu huɗu daga baki, an ɗan karkatar da shi gefe don iska ta wuce. A cikin rubutun ka sa lambar waya da farashi, tunda su ne mai talla ya fi son a ji, sannan ka sa irin zancen gagara-gwarin nan na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto, da jimla mai "tsintsiya" da "fuffuke" da "sassafe". Ka saita ɗaukar a haz 48,000 da bit 24, ƙololuwar murya tana tsayawa wajen desibel -12 a ma'aunin manhajar ɗauka, kada ta taɓa jan launi. A ƙarshen kowace ɗauka a yi shiru na daƙiƙa goma, na'ura na tafiya. Wannan shirun shi zai tona maka asirin "shuuu" na akwati da ƙugin wuta da amsa-kuwwar ɗaki. Daga nan mai karatu ya ja baya kamu ɗaya ya maimaita layi ɗaya, ya kuma juya kai hagu da dama, don kuwa haka masu kawo aiki za su riƙa yi komai ka faɗa musu.

Sauran aikin na Audacity ne, manhaja ce ta kyauta. Ka daidaita duk ɗaukar a ƙarfi ɗaya, misali LUFS -16 (ma'aunin ƙarar ɗauka ne a manhajar), ka sa yaron shago ya canza musu suna zuwa 1, 2, 3 ba tare da ka sani ba. Sannan ka saurara a inda masu saye za su ji: lasifikar waya, ƙaramar rediyo, lasifikar da ake ɗaura wa a kan mota ko amalanke a kasuwa. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin ƙasa, wato dai abin da ka biya wa dala 400 shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Ka kira mutum biyar cikin abokan cinikinka su zaɓa. Idan ba su iya ware mai tsadar ba, ka samu amsarka.

Abin da zai fi canza sautinka ba sunan makirufo ba ne, tazara ce da ɗaki. Duk lokacin da tazarar baki ta ninka, murya na raguwa da kusan desibel 6, hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Wanda ya tsaya a santimita 20 maimakon 5 ya ba wa ƙarar adaidaita sahu rarar desibel 12 a kyauta, kuma babu makirufon da zai dawo da ita. Maganar da ake yi cewa dainamik ba ya jin hayaniya, rabinta ce gaskiya: matsowa kusa ce ke yin aikin, sai kuma kurman bayansa. Don haka ka juya bayan makirufon ga ƙofa ko taga. Bangon siminti da tayil suna maido da murya. Katifa biyu a jingine, bargo mai kauri a bayan mai magana, da kafet a ƙasa za su kashe yawancinsa. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kwalliya ce kawai. Katifar ma amsa-kuwwa take sha, ba ta tare ƙarar waje. Wannan sai an toshe kafofin ƙofa da taga. Fanka dole a kashe, saboda haka a watan Afrilu ka tsara ɗauka gajeru-gajeru, ko da sassafe. Idan ka ji ƙugi, fara da zare cajar kwamfuta ta koma kan batir, ka kuma raba kebul ɗin makirufo da wayar wuta. Kebul XLR kai da kai za ka saya, ba mai ƙaramin baki irin na waya ba.

Ga yadda zan raba maka jarin. Makirufo biyu na dala 100, don hira da tallar mutum biyu sun fi kuɗi. In so samu ne SM58 ɗaya da PodMic ɗaya, kowace murya ka ba ta wanda ya karɓe ta. Akwati mai kafa biyu, 200. Abin kunne rufaffe, wajen 50, domin buɗaɗɗe sautinsa na zuba cikin makirufo. Mariƙi biyu da kebul da soso, wajen 60. Ragowar ka raba tsakanin gyaran ɗaki da ajiya. In farashin nan ya haura, makirufo na biyun ya zama XM8500, kada ka rage daga akwati.

Ka yi hattara da jabu. SM58 na cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya, har kwali da jaka. Na gaske giram 298 ne, ka ɗora shi a sikeli. Wanda aka ce maka sabo ne a rabin kuɗi, ba rahusa ba ce. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin maidowa. Tokumbo na gaske ya fi sabon jabu, don waɗannan suna shekaru ba su canza ba, raga da soso kawai ake sakewa.

Shi kuwa mai tsadar, lissafinsa a buɗe yake. SM7B da Cloudlifter sun kama 550, ka cire 100, saura 450. Misali a ce ribar da ke rage maka a kowace talla daidai take da dala 5: talla 90 ke nan kafin ka maido da bambancin, kuma mai shadda ba zai ƙara maka ko sisi don sunan makirufo ba. Inda lissafin ke juyawa shi ne ranar da ka fara ba da hayar ɗaki ga masu hirar bidiyo, don su da ido suke ciniki, suna son a gan shi a gabansu, suna kuma biya a kan awa. Idan mutum uku daban-daban sun tambaye ka shi, kuma ribar ɗakin ce za ta saya ba uwar kuɗin shago ba, sai ka saya.

Sannan wajen miƙa aiki, ka ajiye asalin ɗaukar, wato fayil ɗin WAV, a wurinka, ka ba su MP3, kuma in ta WhatsApp ne ka tura shi a matsayin fayil, kada ka kunna a lasifika ka sake ɗauka da saƙon murya. Ka karɓi rabin kuɗi kafin a shiga ɗaki, ka kuma faɗa tun farko cewa gyara sau biyu ne a cikin farashin, na uku da kuɗinsa.